Babi na Shida: Aron Akwatin Wuta Tsakanin Na'urorin Ɗakin Gwaji

Kowace na'ura da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, tun daga maikiroskof ɗin da ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi har zuwa injin da ke ƙirga ƙwayoyin jini, tana da wani sashe wanda aikinsa shi ne ya karɓi wutar da ke fitowa daga soket ya mayar da ita irin wadda cikin na'urar zai iya ɗauka. Masu gyara suna kiran wannan sashe fawa-saflai idan yana cikin na'urar, su kira shi adafta idan ɗan baƙin akwati ne da ke rataye a jikin waya, a wannan babi kuwa za a kira shi akwatin wuta ko a ina yake zaune. Wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa, kamar ta sauran Najeriya, ana sa ran ta zo da ƙarfin bolt 230 tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa guda, alhali allon lantarkin da ke cikin na'ura yana bukatar ƙaramar wuta mai tafiya hanya ɗaya ba tare da rawa ba, galibi bolt 5 ko 12 ko 24. Akwatin wuta a tsakanin waɗannan biyun yake tsaye, don haka duk haukan da wutar waje za ta yi shi ke fara karɓa, kuma sau da yawa shi ke riga sauran sassa mutuwa.

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa mutuwar wannan ɗan sashe tana da nauyin da ba ta da shi a cikin birni. Hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, sannan ta isa Doguwa, kuma ma'aikacin da na'urarsa ta mutu a can ko a Riruwai yana da tafiyar da ta haura kilomita 100 kafin ya kai ga dillalan kayan asibiti da injiniyoyinsu a Kano, inda sau da yawa a can ɗin ma sai an aika Legas ko ƙasar waje. Masu jinya kuwa ba sa jira. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zaunar da ruwa a gonaki rani da damina, tare da shi kuma sauron da ke ɗauke da maleriya da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya suka sami wurin zama, cututtuka biyu da ake tabbatar da su da maikiroskof da na'urar juya fitsari. Mace mai ciki da ta zo fari fat tana bukatar a auna yawan jininta kafin a yanke shawarar ƙarin jini. Sannan ga dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a watan Mayun 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ciki har da jinotayif da ciwon hanta da ƙanjamau, ta ƙara wa ƙananan ɗakunan gwaji na karkara wani kaya da a da ba kowa ke kawo musu ba.

Abubuwan da ke kashe akwatin wuta a wannan yanki sanannu ne ga duk mai gyaran rediyo. Na farkonsu zafi ne, domin a cikin akwatin akwai wasu ƙananan gwangwanaye da ake kira kafasita, masu adana wuta su daidaita ta, waɗanda ke ɗauke da wani ruwa da ke bushewa sannu a hankali, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke kaiwa digiri 40, yana cinye a shekara biyu ran da aka yi wa lissafin shekaru da yawa. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iska ta ƙara wa zafin ƙarfi. Da damina, wadda ta fi nauyi a kudancin jihar fiye da arewacinta, aradu kan faɗa kusa da layin wuta ta turo wani tsalle na ɗan lokaci da ya fi ƙarfin ɗan faifan nan mai kama da kwabo da aka sa a bakin akwatin don ya shanye irin wannan. Sai kuma lokacin sauyi daga wutar Nepa zuwa janareta, musamman ƙaramin janaretan da aka tayar na'urori suna kunne, da ranar da wayar nutural ta tsinke a ginin da ke da layi uku, inda soket ɗin da ya kamata ya ba da bolt 230 kan tasar ma 400. Akwai kuma kayan tallafi da suka zo daga Amurka, inda ake amfani da bolt 120, waɗanda sokawa ɗaya ba tare da taransifoma ba ke gamawa da su.

Girman matsalar ba a Kano kaɗai ya tsaya ba. Wani nazari da Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke suka wallafa a 2011, bayan duba bayanan na'urori 112,040 a asibitocin ƙasashe 16 masu tasowa, ya gano kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Shekara guda kafin nan Malkin da Allison Keane sun bi diddigin gyare-gyaren da aka yi a asibitoci 60 na ƙasashe 11, suka samu cewa kashi 14 cikin ɗari na gyaran ya shafi sashen ba da wuta ne, kuma kashi 66 cikin ɗari na na'urorin da suka tsaya an tayar da su da ƙananan dabaru 107 kacal, irin waɗanda ake iya koya wa wanda ya gama sakandare. Abin da waɗannan alƙaluma ke nunawa shi ne yawancin na'urorin da aka jingine a lungu an rufe da tsumma ba mutuwar gaske suka yi ba, kuma wanda ya san yadda ake bin ciwon a hankali zai iya dawo da da yawa daga cikinsu.

Dalilai biyu na aro

Daga nan ne al'adar aro ta samo asali. Idan asibiti yana da na'urori biyu iri ɗaya, ko kuma asibitin maƙwabta yana da irinta saboda gwamnati ko wani shirin tallafi ya saya musu a lokaci guda, abu mafi kusa ga hankali shi ne a ciro akwatin wutar mai lafiya a sa wa wadda ta mutu. Ana yin haka don ɗaya daga dalilai biyu da ya kamata a bambance su. Wani lokaci bincike ake yi, wato ana son a san ko ciwon a akwatin wuta yake ko a cikin na'urar, sannan a mayar da abin aro wurin mai shi nan take. Wani lokaci kuma ceton aiki ake yi, a ciro daga na'urar da ba a cika amfani da ita ba, ko wadda ta mutu ta wani gefen daban, a bar shi a sabon wurin har abin da hali ya yi. Duka biyun halal ne a sana'ar gyara, injiniyoyin manyan kamfanoni ma da musanyar sashe mai lafiya suke gano ciwo, kuma wanda zai zargi ma'aikacin Doguwa da yin haka alhali bai aika masa da sashen canji ba ya zalunce shi. Matsalar tana cikin tsarin da ake bi, domin gaggawa kan sa a tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato me ya kashe na farkon.

Akwatin wuta yana iya mutuwa ta gaba, wato daga wutar da ta shigo masa, yana kuma iya mutuwa ta baya, wato daga na'urar da yake ciyarwa. Idan wani sashe a allon na'urar ya ƙone ya haɗe hanyar fositif da ta negetif, abin da masu gyara ke cewa ya yi shot, na'urar za ta riƙa jan wutar da ta wuce ƙima har akwatin ya ƙone, kuma duk wanda aka sa a gurbinsa ƙaddara ɗaya ke jiransa sai in yana da kariyar da ke kashe shi da kansa. Ta haka ne ɗakin da ya wayi gari da na'ura ɗaya matacciya yake kai azahar da biyu, garin gyaran gira an rasa ido. Juya gwajin ma bai kuɓuta ba, domin idan aka ɗauki akwatin da ake zargi aka kai shi kan na'ura mai lafiya, alhali ciwonsa shi ne ya daina riƙe wutar a ƙa'ida yana fitar da bolt 18 a maimakon 12, to allon mai lafiyar ne zai biya, kuma allo ya fi akwatin wuta tsada ninkin ba ninki, ba a kuma samunsa a kasuwar Sabon Gari.

Abin da ke raba gardama ƙaramar mita ce ta auna wuta, wadda kuɗinta bai kai na kwalin sinadarin gwaji ɗaya ba. Kafin a taɓa na'ura mai lafiya, ana fara auna soket ɗin kansa, a duba waya da fis, domin ba ƙaramin adadi na na'urorin da ake cewa sun mutu ba ne fis kawai ya tsinke ko filogi ya saki. Fis ɗin da ya yi baƙi ƙirin a cikin kwalbarsa yana nuna wuta mai yawa ce ta ratsa shi lokaci guda, kuma naɗa masa zaren waya, kamar yadda ake yi wa kayan gida, cire wa na'urar mai gadinta ne. Daga nan sai a raba akwatin da na'urar a auna abin da yake fitarwa shi kaɗai, sannan a ɗora masa ɗan kaya, misali ƙwan fitilar mota idan na bolt 12 ne, saboda akwatin da kafasitarsa ta bushe kan nuna cikakken ƙarfi idan ba ya ɗauke da komai, ya durƙushe da zarar an ɗora masa nauyi. Bayan haka sai a juya ga na'urar tana kashe, a sa mita a bakin da wuta ke shiga, idan ta yi kuka ba tsayawa an san hanya ta haɗe a ciki kuma babu akwatin da za a kusantar da ita. Tsofaffin masu gyaran talabijin suna da wata dabara da ta cancanci a koya wa kowane mai kula da kayan asibiti, ita ce jera ƙwan lantarki mai zare a kan wayar da ke shiga akwatin, ta yadda idan akwai shot ƙwan ne zai haska da ƙarfi ya tare wutar kafin wani abu ya ƙone. Wajibi ne kuma a san cewa babbar kafasitar da ke cikin akwatin zamani tana riƙe kusan bolt 325, tana iya ci gaba da riƙe su bayan an cire filogi, don haka buɗe cikinsa aikin wanda ya koya ne.

Ko da an tabbatar ciwon a akwatin yake, saura batun kama. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a nan maganar ta zauna daram. Ƙarfin bolt dole ya zo daidai da abin da aka rubuta a jikin na'urar. Yawan amfiya, wato adadin wutar da akwatin zai iya zubowa, yana iya fin na asali ba tare da illa ba tunda na'ura abin da take bukata kawai take ja, amma idan ya gaza akwatin zai yi zafi, na'urar kuma ta riƙa mutuwa tana tashi daidai lokacin da motarta ko fitilarta ta kama. Kan adafta yana iya shiga rami lafiya lau alhali tsakiyarsa negetif ce inda ake son fositif, kuma ɗan zanen da ke nuna haka a jikin kwalin ƙarami ne har mutane da yawa ba su taɓa lura da shi ba. Hatta kawunan da ido ke gani iri ɗaya sun kasu, akwai mai ramin milimita 2.1 akwai mai 2.5, na biyun yana shiga gurbin na farko ya zauna sako-sako ya riƙa yanke wuta. A akwatunan cikin na'ura masu wayoyi da yawa abin ya fi haka wuya, domin kamfani kan sauya jerin wayoyin ko ya ƙara wani layin wuta tsakanin fitowar bana da ta baɗi ba tare da ya sauya sunan na'urar ba, don haka lambar da ke jikin akwatin kansa ita ake kwatantawa, sunan da ke goshin na'urar bai isa hujja ba.

Inda kuskure ba ya ƙona komai

Duk abin da aka ambata zuwa yanzu hatsari ne ga na'ura, kuma yana da alama, ko hayaƙi ko wari ko shiru. Wanda ya fi shi muni shi ne na'urar ta tashi, fitilunta su kama, kowa ya yi hamdala, alhali amsar da take bayarwa ta karkace. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar gwajin jinotayif, wanda a yawancin ƙananan ɗakunan gwaji na Najeriya ake yin sa da hanyar da ake kira ilektiroforesis. Kayan aikin biyu ne a rabe: wani ɗan kwano mai murfi da ake zuba wa ruwan sinadari, da akwatin wuta mai zaman kansa da ke haɗe da shi ta waya ja da baƙa. Ana fasa ƙwayoyin jini a fitar da himogulobin, sinadarin da ke ba jini launinsa, a ɗiga shi a kan wata 'yar farar takarda ta musamman da aka jiƙa, sannan a saki wuta mai tafiya hanya ɗaya, wadda galibi ke tsakanin bolt 200 da 350, na kimanin minti 20 zuwa 30 gwargwadon tsarin da ɗakin ke bi. A cikin wannan ruwa himogulobin yana tafiya zuwa ɓangaren fositif, amma kowane iri da saurinsa: nau'in A yana gaba, F na jarirai yana bin sa, S na sikila yana baya, C kuma ya fi kowa nawa. Tazarar da ke tsakanin layukan, wadda milimitoci ne kawai, ita ce dukkan amsar.

Da yake akwatin a waje yake kuma wayoyinsa suna shiga kusan kowane kwano, shi ne aka fi ara, shi ne kuma aronsa ya fi ruɗi. Akwatin aro yana iya kasancewa an saita shi ya riƙe amfiya a tsaye ya bar bolt ya yi yawo, alhali tsarin ɗakin an gina shi a kan riƙe bolt. Allurarsa ko lambar fuskarsa tana iya nuna 250 yana fitar da abin da bai kai haka ba saboda tsufa. Idan wutar ta gaza kuma aka tsaya a kan mintocin da aka saba, layin A da na S ba za su gama rabuwa ba, su fito kamar gungu ɗaya mai kauri, wanda ido mai gaggawa zai karanta AA ko SS. Idan ta yi yawa takardar ta yi zafi ta bushe, layukan su baje su shiga juna. Yaro mai SS da ke da ragowar F da yawa ana iya rubuta masa AS idan ba a bambance F da A ba. Idan kuma aka juya ja da baƙa, jinin zai gudu baya ya faɗa cikin ruwan, wanda shi ne kuskure mafi sauƙi tunda ba ya ɓuya.

Nauyin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san gidan da ke da mai amosanin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2006 shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Takardar da aka rubuta AA bisa kuskure za ta wuce gaban waliyyai da liman ba tare da tambaya ba, kuskuren kuma ba zai bayyana ba sai bayan shekara biyu ko uku, ranar da hannuwan yaro suka kumbura, lokacin da babu wanda zai tuna cewa a makon gwajin akwatin aro ne a kan tebur. Kuskuren da ya juya ta ɗaya gefen yana raba auren da babu dalilin raba shi. Maganin kuwa yana hannun ma'aikaci, kuma ba shi da tsada: a kowace takarda a ɗiga samfurin da aka riga aka san amsarsa, wanda ake kira kwantirol, aƙalla na AS, in da hali mai haɗe da A da F da S da C, kuma idan layukan kwantirol ba su rabu sarai ba kada sakamako ko ɗaya ya fita daga wannan takarda. Wannan ƙa'ida ce ta kullum, amma ranar da aka sauya akwatin wuta ta zama farilla.

Sauran na'urori suna da nasu salon karkacewa, ko da bai kai wannan tsanani ba. Maikiroskof na Olympus samfurin CX21 yana amfani da ƙwan halojin na bolt 6 da wat 20, CX31 kuma na wat 30, kuma wutar da ta gaza tana mayar da hasken rawaya ta dusashe bambancin shuɗi da ja da ake gane ƙwayar maleriya da shi, wadda ta ɗara kuma tana cinye ƙwan cikin 'yan kwanaki. Sababbin da ke da fitilar LED, irin su CX23, tsarin wutarsu daban ne gaba ɗaya, ba a haɗa su da na halojin. Injin gwajin sinadaran jini, wanda ke auna suga ko aikin ƙoda ta hanyar hasken da ya ratsa ruwa, yana bukatar wuta mai santsi, kuma adafta mai arha ta kasuwa, ko da lambobinta sun dace, tana iya barin wata 'yar rawa da za ta sa amsar samfuri ɗaya ta riƙa sauyawa tsakanin awo da awo. Na'urar juya jini ta PCV, wato awon yawan jini, idan ba ta kai saurinta na kusan juyi 12,000 a minti ba, ƙwayoyin ba za su danne sosai ba, sai awon ya fito sama da gaskiya, mai ƙarancin jini ya bayyana kamar yana da dama-dama.

Akwai kuma na'urorin da aro ba ya halatta a cikinsu ko kaɗan. GeneXpert ta kamfanin Cepheid, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajinta na tarin fuka a watan Disambar 2010, tana gano cutar a cikin kaki tare da nuna ko ta bijire wa maganin rifampicin cikin kusan awa biyu, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana lalata gwajin da kwanson da aka sa. Irin wannan na'ura tana ƙarƙashin garanti ko yarjejeniyar gyara, sassanta injiniyan da kamfani ya amince da shi ne ke sauya su ya kuma tabbatar da awonsu, buɗe ta kuwa yana iya zubar da haƙƙin gyaran kyauta. Abin da ma'aikaci zai iya musanyawa a nan shi ne na waje, wato inbata da batir da sitabilaiza, kuma ko su sai an duba cewa ƙarfinsu ya ɗauki nauyin. Wahalar wuta a irin waɗannan wurare ce ta sa aka karɓi Truenat ta kamfanin Molbio na Indiya, mai aiki da batirin cikinta, wadda hukumar ta amince da ita a 2020.

Abin da aka fi sakaci da shi yana zuwa ne bayan na'ura ta tashi. Ƙa'idar ISO 15189, wadda Majalisar Kula da Kimiyyar Ɗakunan Gwaji ta Najeriya, da aka kafa da dokar 2003, ke auna ɗakunan gwaji da ita, ta bukaci kowace na'ura ta kasance da tarihinta a rubuce, kuma bayan kowane gyara a tabbatar tana ba da amsa daidai kafin a mayar da ita aiki. A ɗakin karkara wannan ba ya bukatar fiye da littafi mai bango: ranar da aka yi musanya, lambar akwatin da aka cire, inda aka aro na biyu, abin da mita ta nuna, da amsar kwantirol. Rashin wannan rubutu ne ke mayar da aro ya zama gado. Na'urar da aka cire wa akwati don a ceci wata takan zauna wata shida, sai wani ya cire mata fitila, wani ya ɗauki wayarta, har ranar da sashen da take jira tun farko ya iso a tarar babu abin da za a sa masa. Ma'aikacin da ya san labarin an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya tarar da na'urori biyu da aka rubuta lalatattu a takardar miƙa aiki, bai san cewa ɗaya lafiyarta ƙalau ba. Akwatin da ya mutu ma bai kamata a jefar ba, domin sau da yawa kafasita biyu ko uku ne suka kumbura, kuma mai gyaran talabijin na Kwanar Dangora ko Tudun Wada zai iya sauya su da masu jure zafin digiri 105 a yini ɗaya, a auna shi, ya koma gurbinsa, na aro ya koma gida.

Wani ɓangare na alhakin yana kan masu sayen kaya tun daga Kano. Idan za a raba na'urori iri ɗaya ga asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ƙarin akwatin wuta ɗaya ko biyu a cikin kwangilar, a ajiye a Tudun Wada wadda ke tsakiyar hanya, zai sa wanda ke Doguwa ya samu canji a yini guda ba tare da ya tuɓe na'ura mai aiki ba. Haka nan sayen samfuri ɗaya ga asibitoci maƙwabta, maimakon kowanne da irin nasa, yana sa sassa su dace da juna da gaske, a kuma haɗa kowace na'ura da fis na canji masu lambar da ta dace, da abin tare tsallen wuta a soket, da takardar da ke nuna jerin wayoyin akwatin. Inda aka kafa sola da batir aka ware wa ɗakin gwaji layinsa, na'urori ba sa ganin sauyin janareta ko tsinkewar nutural, sai dai inbatar dole ta kasance mai fitar da wuta mai santsi irin ta Nepa, domin mai arha da ke fitar da wuta mai kusurwa tana zafafa taransifoma da motar na'urar juya jini, kuma wayar ƙasa ta ginin, wadda a gine-gine da yawa an ja ta an bar ta ba a binne sandarta ba, sai an duba ta kafin damina ta faɗi.